Zinder ko Damagaram: Sunayen da Nasara Ya Bari, a Goge ko a Ƙyale?

A ranar 15 ga Oktoba 2024 mahukuntan Yamai suka sauke wasu alluna suka kafa sababbi. Babban titin da ke ɗauke da sunan Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Aka cire hoton Monteil, sojan Faransa da ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, aka sa na Thomas Sankara. Cibiyar al'adun da ake kira da sunan Jean Rouch ta karɓi sunan Moustapha Alassane. Kafin nan, a 2023, an riga an yi sallama da taken ƙasar da Bafaranshe ya rubuta.

Irin wannan iska ba a bakin kogin Isa kaɗai take kaɗawa ba. Damagaram ce ta riƙe hedikwatar mulkin Faransa daga 1911 zuwa 1926, kuma akwai sunaye biyu a garin da ba a taɓa gama magana a kansu ba. Na farko shi ne Cazemajou, sunan da Faransawa suka raɗa wa barikin da suka gina a kan duwatsun da ke kallon Birni. Bayan samun 'yancin kai an mayar da barikin sunan Sarki Tanimun, amma tsohon sunan bai mutu ba, yana nan cikin littattafai da taswirori da bakin masu zagayawa da baƙi. Na biyu shi ne Zinder kanta: takardar gwamnati ta ce Zinder, mutanen unguwannin Birni da Zango su ce Damagaram.

Yadda sunan ya hau dutse

Kyaftin Marius Gabriel Cazemajou ya iso garin a watan Afrilu 1898 da 'yan tsirarun sojoji baƙar fata. Tafkin Chadi ya nufa, kuma cikin saƙon da aka ba shi har da neman ƙulla hulɗa da Rabe, wanda ya murƙushe Kukawa a 1893. Sarkin Damagaram na lokacin, Amadu Kuran Daga, ya san ko wane ne Rabe, ya kuma san abin da zai biyo baya idan bindigar nasara ta haɗu da ta mutumin da ya ci Barno. A ranar 5 ga Mayu aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive, aka jefa gawarwakinsu a rijiya.

Bayan shekara guda ramuwa ta zo, ta hannun rundunar da ta fi kowace ƙaurin suna a tarihin wannan ƙasa. Voulet da Chanoine suka taso daga yamma suna ƙone gari bayan gari. Suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu 1899, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu. Da Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana kaɗan kuma sojojinsu suka juya suka kashe su duka biyun. Ragowar wannan runduna ce, ƙarƙashin Pallier da Joalland, ta karya dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli. Kuran Daga ya fice daga birni, aka bi sawunsa aka kashe shi a watan Satumba. Sannan aka gina bariki, aka sa masa sunan Cazemajou.

Masu cewa a goge

Hujjarsu ta farko ita ce niyya. Ba don a gane hanya aka sa sunan ba. An ɗora shi a wuri mafi tudu a gari domin duk Badamagaren da ya ɗaga kai ya tuna laifin da ake tuhumarsa da shi da kuma wanda ya hukunta shi. Suna irin wannan tambari ne na nasarar yaƙi. Wanda ya ci gaba da furta shi bayan shekara ɗari da ashirin da wani abu, ko ya sani ko bai sani ba, yana yi wa mai tambarin roƙo ne kyauta.

Suka ce a dubi wanda aka rubuta da wanda aka manta. Mutum biyu aka kashe a watan Mayu 1898, an san sunayensu, an san muƙamansu. Mahayan da suka faɗi a Tirmini fa? Matan Ƙonni fa, da 'yan dakon da aka ɗaure da igiya aka ja su daga ƙauyukansu? Su ba su da allo ko ɗaya. Idan gari ya riƙe sunan baƙo guda ya saki na ɗaruruwan 'ya'yansa, to ba tarihi ya adana ba, lissafin mai nasara ya adana.

Kuma cin fuskar bai tsaya a 1899 ba. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, suka danƙa gari a hannun Ballama, bawan fada, sarautar gidan ba ta dawo ba sai 1923 da Barma Mustafa. Daga wannan bariki ne umarnin aikin dole da ɗibar soja da haraji yake saukowa. A 1926 kuma aka kwashe hedikwata aka kai Yamai, ana kafa hujja da ƙarancin ruwa, alhali kowa ya san kusancin garin da Kano da Ingilishi ma ya tsone musu ido. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, in ji masu wannan ra'ayi, sai a ce kuma mu ne za mu yi gadin sunayensu?

Suna da misali a maƙwabta. Kwamanda Lamy na Faransa ya yi makonni a Damagaram a ƙarshen 1899 kafin ya wuce gabas ya mutu a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, rana ɗaya da Rabe. Aka sa wa sabon garin da ke tsallaken kogi Fort-Lamy. A 1973 Chadi ta mayar da shi Njamena, kuma sama ba ta faɗo ba. Masana tarihi ba su manta da Lamy ba, sai dai yaron da aka haifa a can ba ya rubuta sunan wanda ya ci kakanninsa da yaƙi a gurbin wurin haihuwa.

Masu cewa a bari

Waɗannan ba masoyan Faransa ba ne, kuma ba adalci ba ne a yi musu wannan fenti. Cewa suke yi an riga an yi abin da ya kamata: an tuɓe wa Cazemajou rawanin girma tun da aka sa wa barikin sunan Tanimun. Abin da ya rage na sunansa shaida ne. Mai shari'a ba ya ƙone wuƙar da aka yi kisa da ita don tsananin ƙin kisan, ajiye ta yake yi. Ranar da yaro ya ji wannan baƙon suna ya tambayi malaminsa wane ne wannan, ranar ce zai ji labarin Rabe da Tirmini da Dankori. In an share sunan ƙaf, tambayar ma ba za ta taso ba.

Sannan suka taɓo wurin da ke yi wa ɗaya ɓangaren ciwo. Kuran Daga gwarzo ne, babbar makarantar sakandaren garin ma sunansa take ɗauke da shi. Amma Cazemajou baƙo ne da aka sauke aka kuma kashe, kuma ko da hujjar siyasar ta yi ƙarfi, Bahaushe ya san nauyin amanar baƙo. Shi wannan sarki kuma, a shekarun nan dai, dakarunsa sun kutsa ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, sun yi ɓarna sun kwashi mutane. Tanimun da aka sa sunansa a barikin, wanda ya ja ganuwa ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, da me ya sayi bindigogi da dawakin da suka girgiza maƙwabta? Babban kaso da bayi ne, waɗanda ayari ke kwasa daga Zango zuwa Tarabulus. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a garin a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake kai hari kan ƙauyukan da ke ƙarƙashin sarautar kanta don a kamo mutane. To in ma'aunin shi ne jinin da ke hannun mai suna, a ina za a tsaya? Jikokin waɗanda aka kora zuwa hamada su ma 'yan ƙasa ne.

Zango ma kanta ba ta ba da labari mai launi biyu kawai ba. Malam Yaro, attajirin unguwar, ya yi hulɗa da Faransawa tun zuwansu na farko, ya yi ciniki da su, amma a 1906 yana cikin waɗanda suka kama da zargin makirci. Ɗan kore ne ko ɗan gwagwarmaya? Fatake sun daɗe da sanin cewa ayari ba ya wucewa sai an yi magana da mai riƙe da hanya, ko wane ne shi. Tarihin da za a rubuta da alluna biyu, na jarumai da na maciya amana, ba shi da wurin da zai ajiye irin Malam Yaro, alhali irinsa sun fi yawa.

Hujjarsu ta ƙarshe ta fi kowace sauƙin gani da ido. A watan Satumba 2024, wata guda kafin bikin alluna a Yamai, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Tun 2006 tsohon garin ke cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tana fatan a amince da su. Gidajen Birni da Zango masu zanen da ba shi da na biyu a ƙasar Hausa suna zubewa damina bayan damina. Sauya allo kuɗin fenti ne da awa guda ta jawabi. Riƙe katangar ƙasa kuwa sai magina da yaɓe duk shekara. Tsoronsu shi ne a yi mai arhar a ɗauka an gama.

Zagaye na biyu: sunan garin

Nan ne sahu ke cakuɗewa, don akwai masu son a goge Cazemajou da ba sa son a taɓa Zinder, akwai kuma akasin haka.

Masu son Damagaram suka ce ba sabon abu suke nema ba. Direban tasha Damagaram yake kira, ɗan kabo-kabo haka, gidajen rediyon Hausa na duniya jihar Damagaram suke cewa. Takarda ce kawai ta tsaya a baya. A ganinsu, da Faransa ta ɗauki sunan garin da kwamanda ke zaune ta lulluɓe yankin gaba ɗaya da shi, sunan daular ta danne, daular da ta yi ƙarni ɗaya da rabi tana mulki kafin nasara ya zo. Yanzu da kundin mulkin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, me zai hana takarda ta bi baki?

Amsar da ake ba su tana da kaifi biyu. Da farko, Zinder ba ƙirƙirar Faransa ba ce. Richardson ya rubuta sunan a 1851, matafiyi Barth ya rubuta shi da ya sauka a garin a ƙarshen 1852, kusan shekara hamsin kafin Tirmini. Sunan garin ne tun kafin Sarki Sulaimanu ya mai da shi mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19. Wanda zai goge shi da sunan yaƙi da mulkin mallaka, kayan gidansu zai zubar. Farfesa André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin daular, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa yau, ya haɗa sunayen biyu a bangon littafinsa na 1971. Aïcha Macky, 'yar garin, da ta yi fim kan matasan unguwar Kara-Kara a 2021, Zinder ta sa masa.

Kaifi na biyu ya fi yanka. Jihar ba Birni da Zango ba ce kaɗai. Akwai Mirya da Dungas da Wacha na Sosebaki, akwai Gure ta Muniyo, akwai Tanut ta Damargu, akwai Kance da Magarya. Da yawa daga cikinsu da takobi suka shiga hannun Damagaram, wasu kuma suna da sarautarsu da tarihinsu tun kafin a san da ita. Mutumin Mirya zai iya cewa Damagaram idan zai hau mota, ba ya jin komai. Amma a buga masa shi a takardar haihuwa a matsayin sunan ƙasarsa, wannan wata magana ce. Sunan da ke nufin 'yanci a ƙofar fada yana iya nufin tsohon gandu a wani gari mai nisan zango ɗaya.

Abin da ya rage a faifai

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka akwai al'ummar da duniya ta sani da Mohawk, sunan da maƙwabtansu suka laƙaba musu Turawa suka ɗauka, wanda galibi ake fassarawa da masu cin mutane. Su da kansu Kanien'kehá:ka suke kiran kansu. Sunan ya hau wata hanyar yawon buɗe ido da aka buɗe a jihar Massachusetts a 1914, ya kuma hau kan askin da samarinmu ke kira na Balotelli, wanda kakanninmu suka sani da zanko. Kowane ɓangare zai iya jan wannan misali zuwa gefensa. Ɗaya zai ce ga yadda zagi ke zama ado idan an ƙyale shi. Ɗayan zai ce ga yadda suna ke tsufa har dafinsa ya fita. Akwai kuma dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar: an mayar masa da sunansa na asali, Denali, a 2015, sai ga wata gwamnati ta sake mai da shi McKinley a watan Janairu 2025. Abin da sa hannun mutum ɗaya ya ɗora, sa hannun wani na iya saukewa.

Kano ta bi wata hanya dabam ba tare da an yi shawara ba. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, Kanawa suka sa masa Ɗan Hausa, gidansa har yau Gidan Ɗan Hausa ne. Ba wanda ke tada jijiyar wuya a kai, wataƙila don mutanen gari ne suka raɗa sunan da bakinsu, ba a kafa musu shi da bakin bindiga ba.

A nawa ganin, kan batun Cazemajou masu gogewa sun fi gaskiya a rabin farko, masu bari sun fi ta a rabi na biyu. Bambancin da ke tsakanin sunan girmamawa da sunan shaida na gaske ne. Babu dalilin da zai sa wata hukuma ko mai jagorar baƙi ya ci gaba da gabatar da barikin da sunan da mamaya ta ba shi kamar shi ne sunansa na yanka. Amma share shi daga littafin makaranta da gidan tarihi asara ce, kuma asarar Damagarawa ce ba ta Faransa ba, don Faransa tana da rumbunan takardunta. Hujjar da ta fi ƙarfi cikin duk abin da masu gogewa suka kawo, wato sunayen da ba a taɓa rubutawa ba, ba gogewa ce maganinta ba. Allo a Tirmini take nema, da darasi a aji wanda zai ambaci Ƙonni da Lugu da Dankori. Masu bari kuwa suna yawan zamewa a wuri ɗaya: maganar bayin Tanimun gaskiya ce, amma sau da yawa ana ɗauko ta ne don a rufe bakin mai magana, ba don a nema wa waɗannan bayi haƙƙi ba. In da gaske ake, to su ma a rubuta su, a tsohuwar hanyar ayari da ke fita daga Zango.

Batun Zinder da Damagaram ya fi wuya, kuma ban ga wanda ya kayar da wani ba. Garin ya shafe shekaru aru-aru yana amsa sunaye biyu ba tare da ya ruɗe ba, mai wasiƙa ya rubuta ɗaya, mai mota ya kira ɗayan, saƙo ya isa. Ana iya mayar da birnin Damagaram a takarda a bar jihar da Zinder, ana iya yin akasin haka, ana iya rubuta duka biyun a allo ɗaya kamar yadda wasu ƙasashe ke yi. Kowanne yana da wanda zai ɓata wa rai. Idan ranar yanke hukunci ta zo, tambayar farko ita ce wa zai yanke: doka daga Yamai, ko fadar Sarkin Damagaram, ko majalisar da mutanen Mirya da Gure da Tanut za su zauna a cikinta da ƙuri'a daidai da ta Birni da Zango. Amsoshin ukun ba lalle su zo ɗaya ba.